Ranar da Barira Ta Tsallake Mota

A shekarun da Turawa suka fara tattara nasu-ya-nasu, mota ɗaya ce tak ke kwana a Kibiya, a-kori-kurar Alhaji Shitu mai sayen gyaɗa. Koriya ce, da akwatin katako a baya, da wata oda mai kukan tinkiya. To, abin da yake ɗaya tilo a gari kun san yadda ake sa masa ido. In ta yi tari, kowa ya ji. In ta ƙi tashi kuwa, har matan da ke cikin gida sai labari ya same su kafin su sauke tukunyar koko.

Mai duba lafiyarta shi ne Dalhatu, fita ne, wato mai gyaran mota, a bakin tashar Rano. Asalinsa ɗan Kibiya ne, amma tun yana saurayi ya tafi Fagge, ya yi shekaru kwance ƙarƙashin motocin mutane yana miƙa sifana ana zaginsa, har hannunsa ya faɗa. Ba shi da yawan magana. Irin mutanen nan ne da suka yarda cewa in ka bi waya a hankali, lalle za ka tarar da inda ta tsinke.

Wata safiya ta bazara sai ga wani mai keke ya iso rumfarsa yana haki. Ya ce Alhaji na kira, yanzu-yanzu. Mota ta ƙi tashi tun asuba, ga shi ranar ce za a kai wan Alhaji Kano, zai hau jirgin Makka, kuma lalle ne ya kwana a birni. Dalhatu ya zuba kayan aiki a buhu, ya ɗaure a bayan kekensa, suka kama hanya. Sai da suka yi nisa ɗan aiken ya ce, kamar mai faɗin farashin gishiri, ai ma an riga an gano wadda ta kama motar. Barira ce mai ƙosai.

Ƙafar Dalhatu ta zame daga feda, saura kaɗan ya faɗa gonar mutane.

Ga abin da Barira take a wurinsa. Uwarsa ta rasu yana jariri, daidai lokacin da Barira, maƙwabciyarsu, ta binne nata jaririn, nono na zuba ba mai sha. Ita ta shayar da shi, ta goya, ta yaye. Daga Durba aka auro ta. Ta haihu ta haihu ba wanda ya kai ga tafiya, miji ya mutu ya bar ta da ɗaki ɗaya da kaskon suya. Shekara da shekaru tana toya ƙosai a gindin katangar da ke kallon ƙofar gidan Alhaji Shitu, kuma ba yaron da zai zo saye ya tafi ba gyara. Dalhatu Inna yake ce mata. Ita kuma tun da ya koma Rano ta sa masa Na-Rano, don tsiya, wai ya waye ya raina ƙosan ƙauye.

Ɗan aiken ya ƙarasa labarin. Jiya da yamma, bayan Mato direba ya gama wanke mota tana ta ƙyalli, Barira ta zo wucewa, ta tsaya ta shafa mata goshi ta ce yarinyar nan ta yi kyau kamar amarya. Ba ta ce tubarkalla ba. Da safe mota ta ƙi tashi, Alhaji ya ɗauke Mato da mari, sai Mato ya tuna. Daga nan kowa ya tuna nasa. Wannan ta tuna ɗanta ya yi zazzaɓi bayan ya ci ƙosanta, wancan ya tuna akuyarsa, sai kuma wani ya tambaya, shin ma 'ya'yan da ta haifa me ya cinye su?

Mayya ke nan ake nufi. A wancan zamani in wannan suna ya manne wa mace, ba mai ƙara cin abin hannunta, ba mai barinta ta ɗauki jariri, in ta mutu ma da ƙyar a sami masu wanka. Hanyar tabbatarwa kuwa ita ce a sa wadda ake zargi ta tsallake marar lafiyan da aka ce ta kama wa kurwa. In ya miƙe, magana ta ƙare. Dalhatu ya taka keke har ɗan aiken ya daina hango ƙeyarsa. Lissafinsa gajere ne: ya tayar da motar nan da hannunsa kafin a sa Inna ta tsallake komai.

Ya tarar da ƙofar gidan Alhaji cike. 'Yan rakiya ne daga Rano da Durba da Yalwa, sun zo tun safe cikin manyan riguna, sun ci sun ƙoshi, tafiya ta ƙi, ba su da abin yi sai kallo. Mai tafiyar kansa yana cikin zaure sanye da farare yana jan carbi. Motar na tsaye a tsakiyar fili, rana na dukanta. Can gindin katanga, inda inuwa ta riga ta janye, Barira na zaune a ƙasa, 'yan awon gyaɗar Alhaji biyu na tsaye a kanta. An kife mata kasko, ƙosai ya watse, kaji na caccaka, yara na haɗiyar yawu amma ba wanda ya isa ya ɗauka.

A gaban motar kuma wani ne durƙushe, Ɗanmalam mai magani, wanda ke kasa layu da saiwoyi ranar kasuwa. Malantar ta ubansa ce, shi sunan kawai ya gada. Ya tura kaskon garwashi ƙarƙashin inji yana zuba turare yana fifitawa. Dalhatu ko sallama bai yi ba, ya sa ƙafa ya yi fatali da kaskon, ya ce fetur ne a saman nan, ko so yake ya kai kowa lahira kafin a kai Alhaji Makka? Aka yi dariya. Ɗanmalam ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, shi ma ya ɗan taya su, amma ya riƙe abin a ciki.

Dalhatu ya durƙusa ya gaida Alhaji Shitu, ya roƙi arziki a ba shi zuwa azahar, kada a taɓa tsohuwa. Alhaji, ƙaton mutum mai ƙaramar murya, ya miƙa masa makulli ya ce ya yi nasa.

Da ya ɗaga murfin inji sai ya tsaya. Ya san cikin motar nan kamar yunwar cikinsa, baƙi ƙirin yake, mai da ƙasa sun yi masa ɓawo. Yau kuwa fes, kamar kwanon jere, har ƙamshin sabulun salo ke tashi. Ya ɗago ya dubi Mato. Mato ya dubi ƙasa.

Shi Maton nan, kafin a sayi mota, shi ke kula da dokin Alhaji. Da doki ya tafi mota ta zo, aka tura shi ya koyo juya sitiyari, amma a ransa har yanzu dabba yake kiwo. Dalhatu ya jawo shi ƙarƙashin murfin kamar zai riƙe masa wani abu, ya tambaye shi a hankali. Mato, kuncinsa a kumbure, ya ce wallahi alheri ya nufa. Tafiyar Makka ce, ya ga bai kamata a je da dauɗa a ciki ba, shi ne ya buɗe ya yi mata wanka sosai, guga bayan guga, har ƙarƙashin wayoyi ya cuɗa. Ya ce in maigida ya ji, yankan ciyawa zai koma, ga iyali. Sunan Barira kuwa ya faɗa ne kawai don a sauke hannu daga fuskarsa.

Dalhatu ya sunkuya kan injin. Ya ɓalle murfin ɗan baƙin kwanon nan mai wayoyi da ke raba wa fulogai wuta, ruwa ya ɗigo masa a tafin hannu. Ya zare rota, ɗan abin da ke juyawa a ciki, bai fi babban yatsa ba, ya goge da gefen rigarsa. Ya tsane ko'ina da tsumma, ya kwance fulogai ya shanya su a kan dutse kamar mai shanya kuɓewa, ya zubar da man da ya sha ruwa. Batir ya riga ya yi sanyi saboda wahalar da Mato ya ba shi, don haka sai dai handul, ƙarfen nan da ake zurawa ta gaba a murɗa.

Da komai ya bushe, ya kunna makulli, ya sa Mato ya juya handul a hankali, ya kusanta bakin waya da ƙarfen inji. Wuta ta yi tsalle, shuɗiya, da 'yar ƙara, tas. Da ya yi shiru ya ɗaura fulogan nan ya murɗa, da labarin bai kai a ba da shi ba. Amma murna ta ɗebe shi, yana so kowa ya ji kafin ya gani. Ya miƙe ya ce ruwa ne ya shiga inda ba a son ruwa, ba wani kamu, yanzu za ta tashi.

Ɗanmalam ya tambaya cikin ladabi, ruwa a tsakiyar bazara, daga wane hadarin? Dalhatu ya ce a tambayi Mato. Mato ya rantse jikinta kawai ya wanke, ko murfin bai ɗaga ba. Sai Ɗanmalam ya juya ga jama'a ya buɗe hannuwa.

"Ba laifinsa ba ne, nononta ya sha. Ku me kuke jira ya ce?"

Aka yi guna-guni. Alhaji Shitu ya taso a hankali, ya zura hannu ta taga ya zare makulli, ya jefa a aljihu. Tun safe, a gaban surukansa da abokan cinikinsa, da bakinsa ya ce Barira ce, da bakinsa ya sa aka kife mata kasko. In mota ta tashi da tsumma, sai ya taka ya je ya ba mai ƙosai haƙuri ke nan, jama'a na kallo.

"Ka yi naka, Dalhatu, mun gode," in ji shi. "Saura namu. Ba mai murɗa ta sai tsohuwa ta tsallake."

Dalhatu ya haɗa shi da Allah, ya haɗa shi da darajar tafiyar da wansa zai yi. Alhaji ya koma kan kujerarsa. Nan Dalhatu ya ga abin da ya yi: motar lafiyarta ƙalau, Inna na tsallakewa za ta tashi, shi ne kuma ya gyara musu shaidar da hannunsa. Ya sunkuya yana ɗaura fulogai, sai dabara ta zo masa. Ya zare rota ya sake ta cikin aljihun wando, ya mayar da murfi ya rufe. Ba rota, ko duk Kibiya za su taru su murɗa, ba za ta ce uffan ba. Inna ta tsallake, mota ta ƙi tashi, kowa ya ga ba ita ba ce, daga baya ya mayar da abinsa.

Ya ɗauki butarsa ya tafi gindin katanga. Tun safe ba wanda ya ba ta ruwa. Ta sha, ta dube shi ta ce ya rame, matar tasa ba ta iya tuwo ba ne? Ya durƙusa kusa da kunnenta ya gaya mata abin da ke aljihunsa. Ya zaci za ta yi murna. Sai ta juya tana kallon kajin da ke cin ƙosanta.

"Na-Rano, ka taɓa ganin an sa mutum tsallake?"

Ya ce bai taɓa ba, ji dai yake yi.

"Ni na gani, a Durba, ina yarinya."

Ta buɗe baki za ta ƙara, sai aka zo aka ɗaga ta.

Sai kuma gardama ta tashi, ta manya, da gemu da rawani: yaya ake tsallake mota? Mutum dai kwantar da shi ake yi. Wani ya ce ta bi ta ƙarƙashi, Ɗanmalam ya ce wannan rarrafe ne. Wani ya ce a ajiye handul ta ƙetara, aka ce ai handul sanda ce kawai, ba a nan ran yake ba. Wani attajiri daga Yalwa ya kawo shawarar a kwantar da motar a gefenta, Alhaji ya harare shi. A ƙarshe Ɗanmalam ya yanke: inda inji yake nan ne ƙirjinta, ta hau ta wannan gefe ta sauka ta wancan. Aka mirgino turmi aka kife mata ta taka.

Ƙarfen nan tun safe yake shan rana. Dalhatu da hannunsa ya riga ya yi tauri ma da tsumma yake taɓa shi. Barira ta taka turmi, ta ɗora tafin hannu, ta janye, ta dubi jama'a. Ba fuskar da ba ta sani ba. Rabinsu da ƙosanta suka yi wayo. Ta mayar da hannun, ta ɗora gwiwa, ta ja jiki. Ba ta yi kuka ba, wani ɗan sauti dai ke fita ta hancinta. A tsakiya zanenta ya maƙale, ta tsaya cirewa, ƙarfe na cinta. Da ta kai ƙarshe ba turmi a wancan gefen, ba wanda ya tuna, ta zamo ta faɗi a kan kafaɗa. Wasu samari suka tuntsire da dariya.

Alhaji ya jefa wa Mato makulli. Mato ya kunna, ya tofa yawu a hannu, ya kama handul. Ya murɗa, ya murɗa, har rigarsa ta jiƙe. Ƙaton cikin 'yan awo ya karɓa. Shiru kake ji.

Dalhatu ya fito tsakiyar fili ya ce to, ga shi kowa ya gani, ta tsallake ba abin da ya faru, a sake ta ta tafi gida.

Wani tsoho har ya fara gyaɗa kai. Sai Ɗanmalam ya yi murmushi irin na wanda aka tambaya abin da ya fi sani. Ya ce ai shi da ma ya san ba za ta saki a karon farko ba, manyansu ba sa saki. Kurwar tana ƙulle a haɓar zane. Ko'ina aka san wannan aiki, in an tsallake da tufa bai yi ba, sai a tuɓe a sake, tsirara, yadda ba inda za a ɓoye komai. Tsofaffi suka ce haka ne, haka aka saba. Wata muryar mace daga bayan katanga ta ce a tuɓe ta mana, rana na yi.

Abin da Barira ta gani a Durba ke nan. Dalhatu ya buɗe baki zai faɗi abin da ya cire, sai ya hango inda maganar za ta: a mayar, mota ta tashi, ita kuwa ta riga ta tsallake. Ya dubi Alhaji. Alhaji ya dubi rana, wadda ta fara karkata, ya ce a yi abin da za a yi, jirgi ba ya jira. Dalhatu ya yi kan 'yan awon, ƙaton ya ture shi da hannu ɗaya ya faɗi zaune.

Aka fizge gyale, aka fizge kallabi. Furfurarta ta bayyana, 'yar kaɗan, an kitsa ta ƙanana. Hannu ya kai ga ƙullin zane a ƙirjinta. Ta dafe shi da hannuwan nan biyu da fatarsu ta saluɓe, ta yi magana, ba da ƙarfi ba, amma har zaure an ji.

"Ku dakata. Ni na kama ta. Ku bar mini zanena, zan sake ta."

Mai hannun ya janye da sauri yana goge shi a riga. Ta juya ta nemi Dalhatu da ido.

"Na-Rano, buɗe ka duba, kada gwiwata ta tsinka mata wani abu. Ka duba da kyau."

"Inna," in ji shi.

"Jikokin ƙawayena ne a wurin nan. Duba."

Ya tashi. Ya ɗaga murfin ba tsumma, bai ji zafin ba sai daga baya. Ya sunkuya ya ba jama'a baya, ya zura rota a mazauninta, ta zauna daram. Aikinsa mai kyau ne, bai taɓa yin marar kyau ba. Ya rufe. Barira ta sake hawa a kan ƙunar farko, ta ja jiki, ta sauka. Wannan karon shi ya tare ta a wancan gefen.

Mato ya murɗa sau ɗaya, mota ta ɗauka.

Ta yi ruri, ta yi hayaƙi, ta zauna tana kaɗawa lafiya lau kamar ba ita ba. Aka ɗauki salati. Mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida. Waɗanda ɗazu ke turereniya su gani suka ja da baya, fili ya buɗe kewaye da Dalhatu da tsohuwar da ke hannunsa, iyaye na fizgar 'ya'yansu. Aka yi ta dafa kafaɗar Ɗanmalam. Mato ya zauna bayan sitiyari yana kallon gaba, gaba kawai.

Sai wan Alhaji ya fito daga zaure cikin fararensa. Kamar yadda mai tafiya Makka ke yi, ya bi jama'a yana ba da hannu, yana cewa duk wanda ya ɓata wa ya yafe masa, hawaye na bin gemunsa. Aka yi ta amsawa an yafe, a sa mu a addu'a. Da ya zo daidai inda su Dalhatu suke, ya tattare bakin rigarsa ya kewaye. Ya hau gaba, Alhaji ya hau, aka danna odar nan mai kukan tinkiya, suka tafi.

Dalhatu ya goya ta ya kai ta ɗakinta, ya shafa mata man kaɗanya a hannu da gwiwa. Ya ce ta haɗa kayanta su tafi Rano yau. Ta ce labarin ai a mota ya tafi, ya riga su isa. Ta ce ga Saude matarsa da ciki, wace ungozoma za ta shiga gidan da mayya ke kwana? Ya ce zai tsaya a kasuwa ya faɗi abin da ya cire da abin da ya mayar. Ta ce ya faɗa mana, su dai da kunnensu suka ji ta ce ita ta kama. Sannan ta ce ya je ya ɗauko mata kaskonta kafin a fasa.

Da hannun ya warke ta sake fitowa gindin katanga, ta hura wuta, ta toya ƙosai kamar kullum. Ya yi ja, ya yi ƙamshi, ya huce. Ba wanda ya zo. Ta yi ta yi har waken da ta ajiye ya ƙare, daga nan ba ta ƙara fitowa ba. Masu gaishe ta suka koma gaisuwa daga nesa suna tofi cikin riga, daga baya nesan ma aka daina. Dalhatu ke kawo mata dawa da gishiri da daddawa a bayan keke.

A irin wannan zuwa ne ya bi ta ƙofar gidan Alhaji Shitu ya tarar da Mato zai wanke mota. Alhaji na zaune a inuwa yana cin goro. Dalhatu ya ji shi da kunnensa yana ce wa Mato, ko muryar bai ɗaga ba, jiki kawai, in ya ƙara zuba mata ruwa a ciki sai ya karya masa hannu. Sai ya hango Dalhatu, ya yi masa fara'a, ya ɓantaro goro ya miƙa masa.

"Kai ai ka huta. Yanzu in ta ƙi tashi ba sai an wahalar da kai daga Rano ba. Ga mai tsallake ta nan kusa, aike ɗaya ne."

Dalhatu ya karɓi goron, don ba a ƙin goron babba. Ya riƙe shi a hannu har ya fita gari, sannan ya jefar.

Tun daga ranar, duk jajibirin kasuwa sai ka gan shi a Kibiya, ba wanda ya kira shi. Ya jingine keke, ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashin a-kori-kura. Ya duba fulogai, ya duba batir, ya tace mai, abin da ya ga zai mutu wata mai zuwa ya canza shi yau daga rumfarsa. Da damina ta zo ya ɗinka wa baƙin kwanon nan riga da tsohuwar robar taya. Alhaji bai taɓa tambayarsa me ya kawo shi ba, yakan dai ce a kawo wa fita ruwa. Ranar bikin mulkin kai motar ce ta ɗauki 'yan makaranta da tutoci zuwa Rano, ta kuma yi shekaru bayan nan ba ta ƙi tashi ba. Mutanen Kibiya kuwa sukan nuna ta su ce, ka gani, tun da matar nan ta sake ta ko tari ba ta ƙara yi ba.

Ɗakin Barira yana jin komai na filin. Wata rana ruwan sama ya tare Dalhatu ya kwana a garin, da sassafe ya kawo mata koko, ya tarar da ita zaune a bakin gado ta riga ta shirya. Ta ɗaura zane biyu, ɗaya kan ɗaya, ta ɗaure su da igiya a ƙirji, ƙulli a kan ƙulli. Ya miƙa mata kokon, ta ɗaga masa hannu ya dakata. Can waje Mato ya zura handul, ana jin ƙarar ƙarfe. Ya murɗa, shiru. Ta dafe ƙullin. Ya sake murɗawa, mota ta ɗauka.

Ta saurara har ƙarar ta yi nisa. Sannan ta fara kwance igiyar da yatsunta masu tabo, a hankali, ta ce ya miƙo kokon, ko ya huce?